Yadda Na Raka Anti Shila Kogunan Dutse na Ajanta

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Ranar Lahadi da an tashi sujada a Peckham, kafin in kai bakin ƙofa an tare ni: "Maman Dauda, wai da gaske Indiya kika je? Me ya kai ki?" Matar Baba Fasto ta ja ni gefe ta raɗa mini ko gaskiya ne gidan gumaka na shiga. Hajiya Rabi kuwa, wadda nake sayen daddawa da kuka a shagonta a Rye Lane, damuwarta ɗaya ce, ko 'yan Indiya suna rawa a kan titi kamar yadda muke gani a fim. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tafi da guntunsa. To ga shi nan tun daga tushe.

Sunana Saratu, 'yar Kagoro ce ni, nas a wani asibiti a gabashin London, ina zaune a Barking. Wadda ta kai ni Indiya maƙwabciyata ce, Anti Shila. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ta riƙe hannuna a wurin aiki lokacin da na zo ƙasar nan ko tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ban iya hawa ba. Bayan ta yi ritaya mijinta ya rasu, sai hawan jinin ido ya sa ta gaba. Ganin da ya rage mata kamar na mai leƙe ne ta kafar makulli, shi ma sai da haske sosai. Wata rana ta yi tuntuɓe a bakin titi kusa da tasha ta fasa goshi. Daga ranar ba ta ƙara fita daga flat ɗinta ba. Ɗanta da ke Kanada ya shiga nema mata care home, gidan kula da tsofaffi.

Na kai mata miya wata Asabar, na tarar da ita zaune labule a sake. Ta ce, "Sara, kafin su kulle ni, da na ƙara ganin Ajanta sau ɗaya."

Na ce wane ne Ajanta? Ta ce ba mutum ba ne, dutse ne a jiharsu, inda masu bin addinin Buddha na zamanin da suka fafe kogo-kogo suka yi wuraren ibada da ɗakunan kwana. Babanta ya taɓa kai ta tana yarinya. Ta roƙi ɗanta, ya ce aiki ba zai bar shi ba. Ban san sa'ad da bakina ya ce "To mu je mana" ba. Ɗana Dauda ya yi mana booking yana ta girgiza kai.

Kuskurena na farko a Heathrow ya fito. Muna zaune muna jiran jirgi, Anti Shila ta shaƙi iska ta ce, "Me ke ƙamshi a jakarki?" Na ce kilishi ne, guzuri. Ta ce na mene ne? Na ce na naman sa ne mana. Ta dafe kai. Ashe inda za mu ko sunan naman shanu ba a son ji. Ni kuwa zubar da kilishi ba da ni ba. Na buɗe takarda na hau ci kamar an sa ni dole. Allah ya kawo wani bawan Allah mai goge tebura, ya ji ƙamshi ya tsaya yana kallona, ya ce, "Hajiya, daga gida?" Ashe ɗan zango ne daga Kumasi. Na ce ba Hajiya ba ce amma daga gida ne, na danƙa masa sauran. Ya yi ta sa mana albarka har muka shige. Ƙishirwar da na sha a jirgin nan, Allah kaɗai ya sani.

A Mumbai aka raba mu. Ita tana da katin 'yan asalin ƙasa, ni kuma layin baƙi. Na ce ta bari in kira masu keken tura marasa lafiya, ta ce ƙafarta lafiya lau. Na tsayar da ita jikin wani ginshiƙi na ce kada ta motsa. Na isa gaban jami'i, ya duba fasfo, ya ga inda aka haife ni, ya ce ina ne Kafanchan? Na ce Najeriya. Ya ce in ɗora yatsu a na'ura. Na'ura ta ce ba ta san zance ba. Shekara da shekaru ina wanke hannu a asibiti, zanen yatsuna ya shafe. Ya ce in goga a goshi, na goga. Ya ce in hura musu iska, na hura. Duk wannan ina waiwayen ginshiƙi, sai na ga ba kowa a wurin. Da ƙyar na'urar ta karɓi ɗan yatsa ɗaya, na fita da gudu-gudu. Can na hango ta, wata mai shara ta zaunar da ita a kujera, suna ta zuba da yarensu kamar sun shekara tare. Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka har na manta. Hausawa sun ce baƙo makahon gari ne. Tun daga nan muka raba aiki, ita baki, ni ido.

Da safe muka hau jirgin ƙasa zuwa Aurangabad. An ce an canza wa garin suna, amma da tsohon na ji yawancin mutane suna kiransa. Kusan yini muka yi a hanya. Wasu mata da miji da ke fuskantarmu suka kwance abinci suka miƙo mana. Na tambayi matar da hannu ko da yaji, ta karkaɗa kai hagu da dama. Na ɗauka a'a take nufi, na kai loma babba. Sai hawaye. Ashe karkaɗa kan nan i ne, wani lokaci kuma "to", wani lokaci "wa ya sani". Na ce bari in burge su da Indiyancin da na tsinta a silima a Kaduna muna 'yan mata. Na faɗi wata jimla da nake zaton godiya ce. Mijin ya sunkuyar da kai, matar ta faɗi kan kujera don dariya. Anti Shila ta ce, "Kin gaya wa mijin mutane ba za ki iya rayuwa ba sai da shi."

Ta taga kuwa sai na rantse hanyar Zariya nake. Ga dawa ta yi kai, ga auduga, ga darbejiya da tsamiya, ga shanun huɗa, sai dai nasu an shafa wa ƙahonninsu fenti. Ina gani ina faɗa mata.

A gidan Mina muka sauka, 'yar ƙaninta, malamar makaranta. Muna shiga Mina ta sunkuya ta taɓa ƙafar gwaggonta, ta juyo ta taɓa tawa. Na yi tsalle baya na ɗauka wani abu ya faɗi. Gaisuwarsu ke nan ga babba, kamar durƙuson da muke yi. Aka kawo abinci, wata gurasa mai faɗi ta garin dawa da suke ce wa bakiri, da miyar wake. Na ga wasu sanduna kore a miyar, na ɗanɗana na ce ai zogale ne! Su 'ya'yan suke ci, su tsotse su yar da ɓawo. Da na ce mu ganyen muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, Mina ta ce sai na yi musu kafin in tafi. Na yi kuwa, da gyaɗa soyayya da na daka, ba a bar ko cokali ɗaya ba. Shayinsu akwai daɗi, amma kofin bai fi murfin kwalba ba. Mai shayin Kafanchan ya ba ka wannan, sai an raba ku. Banɗaki da buta, sak na gida.

Abu ɗaya ya dame ni. Tun a jirgi Anti Shila ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa danginta yadda idon ya lalace ba. Sai in tura mata kofi kusa da hannu a ɓoye, in yi tari in mun zo bakin dakali. Mina tana kallonmu.

Da la'asar muna shan iska a baranda ta ba ni labarin babanta. A ƙasarsu akwai mutanen da tun haihuwa ake ɗauka ƙasƙantattu, ba a shan ruwa a rijiya ɗaya da su. Danginta daga cikinsu suke. A makaranta a bakin ƙofa take zama. Babanta da mutanen unguwarsu suka bar wannan tsari suka koma bin koyarwar Buddha, wanda ya ce duk mutum mutum ne. Shi ne ya tara ɗan abin da yake da shi, ya ɗauke ta a wuya ya hau da ita Ajanta, don ta ga cewa abin da suka kama ba jiya aka fara shi ba. Na tambaye ta, Buddha ɗin nan allahnku ne? Ta ce a'a, mutum ne, malami, ɗan sarki da ya bar gidan sarauta don neman maganin wahalar duniya.

Mina tana da aiki a makaranta, don haka ta haɗa mu da direba, Salim, wani dattijo mai jan gemu na lalle. Ya ji daga Najeriya nake ya yi mini sallama, na amsa masa cikakkiya. Na ce Allah ya kai mu lafiya, ya ce ashe Musulma ce. Na ce Kirista ce, mu ma da Hausa Allah muke cewa. Ya daɗe yana jinjina wannan. Hajiya Rabi, ga amsarki: suna rawa a titi. A wani ƙauye 'yan biki suka tare hanya da ganguna, maza da mata suna ta tiƙar rawa, mota ba ta wuce ba sai da suka ga dama.

Ba a barin mota ta isa gindin dutsen. Salim ya tsaya a tasha ya ce zai yi salla ya jira mu, muka shiga bas ɗin wurin. Inda bas ya ajiye mu matakala ce ta miƙe sama. Ga wasu ƙarti da kujeru ɗaure a kan gora, mutum huɗu su ɗauki mutum ɗaya a kafaɗa. Suka yanyame mu. Anti Shila ta ce, "Ban mutu ba tukuna da za a ɗauke ni a makara." Muna cikin haka na buɗe ƙullin gyaɗa, sai ji na yi an fizge. Wani biri mai baƙar fuska da doguwar wutsiya ya haye katanga yana ɓare gyaɗata yana kallona. Na kurma ihu, "Wayyo Yesu!" Wani mai sayar da sandunan gora ya miƙo mini ɗaya. Anti Shila tana share hawayen dariya ta ce, "Ba ni nan, ke matsoraciya ce." Ta karɓa ta ƙara da cewa, "Don birai ne fa." Na ce na sani.

Da muka kai sama na tsaya ina kallo. Dutsen ya lanƙwashe kamar kofaton doki, ƙorama a ƙasa can, ga ƙofofi jere a jikinsa, kusan talatin. Ba gini ba ne, ba a kawo ko tubali ɗaya ba. Dutse ɗaya aka shiga da guduma da kurfi, aka fara daga sama ana yin ƙasa, aka bar ginshiƙai a tsaye, aka bar siffofi a jikin bango. Wasu sun haura shekara dubu biyu. Daga baya mutanen suka watse, daji ya rufe wurin, sai jemagu.

Muka cire takalma muka shiga na farko. Duhu. Ba a kunna fitila mai ƙarfi don kada zanen bango ya dushe. Da idona ya saba na fara gani: wani mutum riƙe da fure, ido a lumshe, ga giwaye, ga mata, waɗansu baƙaƙe kamar ni da ɗan kunne da tsakiya. Na shiga faɗa mata da murna. Ta ce, "Ina?" Na juya mata kai wajen. Ta ce, "Ina, Sara?" Muka shiga na biyu, haka. Muna fitowa ta lalubi dakali ta zauna.

"Mu koma," ta ce. "Ban ga komai ba. Na wahalar da ke a banza. In mun isa ki kira yaron nan ki ce na yarda, ya kai ni inda zai kai ni."

Na lallashe ta, na ce mu gwada na gaba. Ta ƙi. Na kawo maganar babanta, ta ce kada in sake. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Anti, ni dai ban ƙetare teku don in ga ƙofa biyu ba. Zauna nan, in na gama na dawo." Na juya na kama hanya. Ƙafafuna suna tafiya, hankalina yana wurinta. Ga rami a gefe, ko da yake akwai shingen ƙarfe. Ina cewa a raina, Saratu, wace irin nas ce ke? Na ƙudura in na kai ƙofa ta gaba zan koma. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayana. Ban waiwaya ba. Na rage sauri kawai. Tana buga sanda a jikin dutse ta dama, tana jan ƙafa, tana zagina da yarensu. Haka ta iso ni.

"Marar kunya," ta ce. "Me ke cikin wannan?"

Ɗakunan kwanan masu ibadar ne, ƙanana kamar rumbu, kowanne da gadon dutse har da matashin kai na dutse. Nan ba zane, ba mai hana taɓawa. Ta shafa gadon daga kai zuwa ƙafa, ta ce wanda ya kwana nan gajere ne. Na ba ta labarin kakana, yadda mutanenmu suke hawa dutsen Kagoro su ɓuya a kogo da hatsinsu in mahara sun zo. Namu kogon Allah ne ya fafe, mu dai mun shiga. Can gaba muka tarar da wani babba da ba a ƙarasa ba, ƙasa duk tudu da kwari, sawun kurfi a ko'ina kamar jiya ma'aikatan suka tafi cin abinci. Ta sa yatsu cikin sawun tana bi. Ta daɗe a nan, ban katse ta ba.

Kogon da take nema, wanda ta fi tunawa tun zuwanta da babanta, yana can kusa da ƙarshe. Mun tarar da wasu ƙauyawa sanye da fararen kaya, tsofaffi da matasa, sun zauna a ƙasa suna rera karatunsu. Anti Shila ta tsaya cak, leɓenta ya fara motsi, sai ga murya ta fito. Ta san shi tun na yarinta. Sautin ya tashi ya zagaya ya dawo kamar mutum ɗari ne. Da suka yi shiru ta ce, "Rufin nan yana da tsawo ƙwarai, ko?" Na ɗaga kai na ce i, an yi masa baka-baka kamar haƙarƙari, sai ka ce azara, alhali duk dutse ne.

Ta ce in kai ta bangon hagu. Ga shi nan kwance a kan gefen dama, tsawonsa ya kai na ƙaramin bas, hannu a ƙarƙashin kunci. Siffar Buddha ce a ranar da ya bar duniya. Akwai wata ƙaramar ƙofa kusa da kansa, hasken rana ya shigo ta nan ya sauka a fuskar. Na tsayar da ita, na kama kafaɗunta na juya ta a hankali. Ta matsar da kai kaɗan, ta ƙara matsarwa, kamar mai karanta layi.

"Ga ido," ta ce. "Ga hanci. Sara, ga bakin. Kamar zai yi murmushi."

Sauran jikin yana cikin duhu, wannan aikina ne. Na ce a sama akwai masu kiɗa da furanni. A ƙasa kuma almajiransa ne a jere, ƙanana, suna makoki. Ɗaya ya zabga tagumi. Ɗaya ya rufe fuska. Ina faɗa sai na ga ai na san mutanen nan. Na gan su a bakin gadon asibiti ba sau ɗaya ba, na ga kaina a cikinsu ranar da aka kira ni daga gida aka ce Mama ta tafi. Wanda ya sassaƙa wannan ya taɓa zaman jinya, ba ko shakka.

Ta ce, "Akwai wanda ya juya mana baya?"

Na duba na ce akwai, yana zaune daram yana fuskantar malaminsa.

"Shi babana ya nuna mini," ta ce. "Na ce masa me ya sa wannan ba ya kuka? Ya ce wa ya gaya miki, ai ba ki ga fuskarsa ba."

Muka yi dariya, muka yi kuka, ƙauyawan nan suna kallonmu. Wata tsohuwa a cikinsu ta taso ta shafa mana baya mu biyu. Mama Fasto, ga taki amsar: na cire takalmi, ban rusuna wa kowa ba, addu'ata kuma ga Ubangijina na yi ta, na gode masa da ya bar mata wannan ɗan haske har ta iso. Da muka fito Anti Shila ta fyace hanci ta ce yunwa take ji, ko birin ya bar mana wani abu.

Da dare muka koma gidan Mina. Washegari wajen karin kumallo Anti Shila ta ce, "Mina, ba na gani. Zo ki nuna mini inda kofina yake." Mina ta ce, "Gwaggo, tun ranar da kika shigo na sani," ta kama hannunta ta ɗora a kan kofin.

Kada in yi muku ƙarya, idon bai warke ba, ba kuma zai warke ba. Akwai ranakun da har yanzu labulenta yake kwana a sake. Amma muna dawowa ta sa na kira mata council, wato ƙaramar hukumarmu, suka turo wata mata tana koya mata tafiya da farar sanda da girki ba tare da ta ƙone ba. Ɗanta ya zo daga Kanada, suka kai ruwa rana, ya koma an ajiye maganar care home a gefe.

Makon jiya ina cikin bas zan tafi aiki da safe, muka tsaya a danja kusa da kasuwar Barking. Sai ga Anti Shila ita kaɗai, da jar rigar sanyinta da jakar cefane, tana share hanya da sanda. Ta tsallaka titi. Ta nufi shagon kayan miya, ta wuce ƙofar, ta je ta ci karo da akwatunan tumatir. Na danna ƙararrawa na miƙe tsaye. Kafin bas ya tsaya ta ja baya, ta laluba, ta sami ƙofar, ta shige. Ƙofar bas ta buɗe, direba yana kallona ta madubi, ya ce zan sauka ne?

Na koma kujerata na ce masa a'a, mu tafi.